Ku Tambayi Malama: Wane Littafi Za Mu Ba 'Yan Firamare?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka koma makaranta, wasiƙun da ke shigo mini suka karkata wuri ɗaya, wato maganar littafin da ya kamata a sa a hannun ɗan firamare. Na zaɓi shida, na rage tsawon waɗanda suka yi yawa. Masu tambaya a kan kuɗin makaranta da yaran da ba sa son tashi da safe, ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Yarana biyu ne, namiji ɗan shekara bakwai a aji biyu, da yayarsa a aji biyar. Babansu ya sayo musu Magana Jari Ce, duka ukun, ya ce shi da shi ya koyi karatu. Babbar tana ɗan taɓawa, amma ƙaramin ko layi biyu ba ya kaiwa sai hamma, in na matsa masa ya sa kuka. Har na fara tunanin ko ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja. Me zan yi?
Wata uwa daga Gusau

AMSA: 'Yar uwa, kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwar ɗanki lafiya lau take. Littafin ne ya fi ƙarfinsa. Ki kuma gaya wa maigidan, cikin lalama, cewa ba da Magana Jari Ce ya koyi karatu ba. Da shi dai ya fara jin daɗin karatu, bayan wani bawan Allah ya riga ya sha wahalar koya masa ba, be, bi, bo, bu. Mutum yakan tuna abin da ya yi masa daɗi, ya manta da wanda ya sa shi gumi.

Marigayi Alhaji Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta littafin nan, na ɗaya ya fito a 1937, kuma don waɗanda bakinsu ya riga ya faɗa da karatu aka yi shi. Buɗe farkonsa ki gani. Kafin aku ya ba da labari ko ɗaya, sai an ratsa ta kan Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da makircin Waziri da shirin yaƙi, shafi bayan shafi, cikin Hausar fada mai dogayen jimloli, ga karin magana ta ko'ina. Yaron da har yanzu da yatsa yake bin baƙi da wasali, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Dole ya yi hamma. Ai ba a yaye yaro da tuwon dawa, da kunu ake farawa.

Ɗan aji ɗaya da aji biyu, littafi mai manyan baƙaƙe yake buƙata, hoto a kowane shafi, jimla gajera, kalmomin kuma su riƙa dawowa har ido ya saba da su. Tsofaffin littattafan nan na kamfanin NNPC na Zariya, na ɗab'i nake nufi ba na man fetur ba, wato Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, a kan haka aka tsara su, kuma har yau ban ga wanda ya ture su ba. Hotunansu sun tsufa, yaran da ke ciki ba su san wayar hannu ba, amma aikin da aka sa su suna yinsa. Sannan a jiharku ta Zamfara da maƙwabciyarta Katsina an gudanar da wani shiri mai suna RANA, wanda ya buga littattafan koyon karatun Hausa na ƙananan azuzuwa. Ki leƙa wurin hedimastan makarantar gwamnati mafi kusa da ku, ki tambaya ko akwai saura. Sau da yawa suna nan jibge a lungun ofis.

In kin yi makarantar allo, kin riga kin san hanyar: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa. Boko ma haka yake. Ki tabbata ya san sautin kowane baƙi, har da masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da masu zuwa biyu-biyu irin su sh da ts da ky. Na sha ganin yaro ya rera shafi guda babu tsayawa, amma in ka rufe hoton ka nuna masa kalma ɗaya sai ya yi tsuru-tsuru. Hadda ya yi. Ki riƙa nuna masa kalma daga tsakiyar layi, ko ki faro daga ƙarshe ki dawo, nan za ki gane ko karatu yake yi ko waƙa.

In bakinsa ya faɗa, wajen aji uku zuwa huɗu, sai a shiga tatsuniya. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin ƙananan littattafai shida a farkon shekarun 1970. Dalilin da ya sa nake son su a wannan mataki shi ne yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi, ya san halin kura, saboda haka in ya ci karo da kalma mai wuya, labarin da ke kansa zai ja shi ya wuce ta. Ga kuma wasanni da waƙoƙin dandali, waɗanda yaran birni na yanzu, da ake rufe wa ƙofa tun magariba, ba su taɓa ji ba. Wasannin Yara na Umaru Dembo ma ya shiga wannan sahu.

Ita babbar, lokacin Magana Jari Ce ɗinta ya yi, sai dai kada ki ce lallai daga shafin farko za ta fara. Zaɓar mata gajerun labarai masu ban dariya, kamar na Sahoro da Sahorama, miji da matar da lalaci ya haɗa aurensu, ko na Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin da aka soya don baƙo, sannan ta san yadda ta yi ta haɗa mijin da baƙon tsere. In ta ƙyalƙyale da dariya sau biyu, da kanta za ta koma farko. Daga nan sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, ya warke ya zama jarumi. Asalinsa na ƙasar Rasha ne, aka ɗinka masa rigar Hausa ta zauna daram. Kada ki ce na maza ne, 'yan matan ajina sun fi mazan rububinsa. Akwai kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da ya fito a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, inda wani yaro mai suna Kilba ya yi tafiya sararin samaniya.

Littattafan da Baban ya sayo kuwa ba su zama asara ba, ko ga ƙaramin. Kunnen yaro ya yi wa idonsa nisa: abin da ba zai iya karantawa ba, in an karanta masa zai fahimta sarai. To tunda Baban ne masoyin littafin, aiki ya faɗo kansa. Bayan sallar isha'i, ko minti goma sha biyar ne, ya zauna ya karanta musu a bayyane, ya kumbura murya in sarki ne ke magana, ya siranta ta in aku ne. Ya kuma ari dabarar akun kansa, wanda ya riƙa tsare Musa da labari har gari ya waye don kada ya fita. Ya tsaya daidai inda labarin ya ɗauki zaƙi, ya rufe littafi, ya ce sai gobe. Ki zuba ido ki ga wanda zai lallaɓa da rana ya ɗauko littafin yana haɗa baƙaƙe don ya san abin da ya faru.

In za ki sayi littafi, tafi da mai karatun. Buɗe tsakiya, ya karanta shafi ɗaya a gaban mai shago. In ya yi tuntuɓe a kalma fiye da biyar, a bar shi sai baɗi. Ki kuma duba bugun da kyau, don na jabu sun cika kasuwa: tawada ta dushe, shafi ya ɓace, wani ma an ɗinka shi a juye.

TAMBAYA: Hajiya Malama, ni ma'aikaci ne, 'ya'yana uku suna makarantar kuɗi. Gaskiya na hana littafin Hausa shiga gidana, don ina tsoron ya ɓata musu Turanci, ga shi jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yinta. Sunayen littattafan Turanci masu kyau kawai nake so.
Wani uba daga Kubwa, Abuja

AMSA: Malam, zan ba ka sunayen, amma sai ka fara jin abin da ba ka tambaya ba.

Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Ranar da yaro ya gane cewa baƙaƙen nan sauti suke ɗauke da shi, in an haɗa su kuma magana ce ke fita, ya gama da wannan har abada. In ya koma wani harshe, kalmomi da ƙa'idojin rubutunsa kawai zai nema. Hausa kuwa ta fi sauƙin kai yaro ga wannan ganewa, don kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasali biyar ne kowanne da sautinsa. A Turanci harafi ɗaya sai ya fita da murya uku, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi.

An gwada abin nan a ƙasar nan, ba a wata uwa duniya ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara kowane darasi da Yarbanci har shekara shida ta firamare, Turanci kuma ya zama darasi guda mai zaman kansa. Da aka auna su da takwarorinsu waɗanda aka juya wa harshen koyarwa zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza a Turancin ba, a wasu darussan ma sun yi gaba. Ka kuma tuna Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya saboda daɗin Turancinsa. Shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, a gasar rubuta littattafai da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a 1933. Hausar ba ta rage masa komai ba.

Abin da na ga yana gurgunta Turancin yara shi ne rashin karanta komai sai littafin darasi. Ɗan guntun labari mai tambaya goma a ƙarƙashinsa, yaro amsa yake farauta a ciki, ba ya ma jin labarin. A ba shi littafin da ba wanda zai yi masa jarrabawa a kai.

Ga su nan. 'Yan aji uku zuwa huɗu, Sugar Girl na Kola Onadipe, labarin Ralia, yarinyar da ta ɓata a daji. Turancinsa mai sauƙi ne, babi-babinsa gajeru. Daga aji huɗu zuwa biyar, Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, yaron da ya bar ƙauye ya koma Anaca, ba shi da buri sai ya haye Kwara zuwa Asaba a jirgin fito, ga shi ba shi da kuɗin fiton. A cikin na Turanci duka shi na fi so, don Achebe bai raina yaro ba, bai kuma cika shi da wa'azi ba. Sai Eze Goes to School na Onuora Nzekwu da Michael Crowder, na 1963, maraya mai fafutukar kada karatunsa ya tsaya, da Without a Silver Spoon na Eddie Iroh, na 1981, ɗan talaka da aka zarga da satar da bai yi ba. Waɗannan biyun za su yi wa 'yan makarantar kuɗi amfani na musamman, su san akwai yaran da kuɗin makaranta ke hana iyayensu barci.

Ɗan aji shida, ka ba shi The Drummer Boy na Cyprian Ekwensi, labarin makahon yaro mai kiɗa. Shi Ekwensi a Minna aka haife shi, ya san Arewa, kuma The Passport of Mallam Ilia a ƙasarmu ya kafa shi. Sai dai akwai faɗa da ɗaukar fansa a ciki, ni nakan bar shi sai ƙarshen aji shida. In sun shiga sakandare, ka ajiye musu An African Night's Entertainment nasa kusa da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Kusan labari ɗaya ne cikin harshe biyu, su karanta su faɗa maka wanda ya fi.

Sharaɗina ɗaya: duk littafin Turanci biyu, ka haɗa da na Hausa ɗaya. Yaran da suka tashi a Abuja, Turancinsu ba ya cikin haɗari, makaranta da talabijin da abokai duk suna ciyar da shi. Hausar ce ba ta da mai ba ta abinci sai kai. Ranar da ka kai su gida hutu, kakarsu ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" suka yi shiru suna kallon bakinta, kai za a kalla.

TAMBAYA: Malama, ni ɗalibinki ne a wannan shafi. Ina koyar da aji huɗu a makarantar gwamnati a ƙauye. Yara sun haura tamanin, littafin karatu bai kai goma ba, laburare kuwa ko a mafarki. In na ce iyaye su saya, sai su ce ba a ƙoshi ba balle littafi. Duk sunayen da kike jerowa kamar na masu hali ne. Mu fa?
Malamin aji huɗu daga wajen Gumel

AMSA: Ɗana, Allah ya saka maka da alheri, kuma ƙorafinka yana kan hanya. Ba zan ce maka allo da alli sun wadatar ba. Samar da littafi hakki ne a kan hukuma, ku ci gaba da rubuta wa sakataren ilimi ta hannun hedimasta da kwamitin iyaye, kada ku gaji. Amma yaran da ke gabanka bana ba za su tsaya jiran amsar takarda ba.

Littafi ɗaya tak ya ishe ka ka fara. Minti goman ƙarshe kafin a tashi, kowa ya rufe jakarsa, ka karanta musu labari. Ka riƙa tsayawa kana tambaya, "Me kuke tsammani Gizo zai yi yanzu?" Aji mai yara tamanin da ba ya jin tsawa, za ka ga ya yi tsit. Wasu ma da ke sulalewa bayan tara sai su fara zama har a tashi.

Sai ka nemi akwatin ƙarfe da kwaɗo. Kowane ƙauye yana da 'ya'yansa da ke aiki a Dutse ko Kano ko Abuja, masu zuwa gida da Sallah. Kada ka roƙe su kuɗi, kuɗi yana da ƙafa, kuma yana jawo zargi. Ka rubuta musu sunayen littattafai, kowa ya riƙo ɗaya ko biyu, a rubuta sunansa a bangon ciki. A naɗe kowanne da takardar buhun siminti. Ranar Juma'a a ba da aro, Litinin a dawo da shi, monita ya riƙe rajista. Littafi zai yage, wani zai dawo da tabon miya, wani akuya za ta ci gefensa. Kada ka daki yaro a kan haka, in ka yi sau ɗaya ba mai sake ara. Na taɓa shiga ofishin wata makaranta na tarar da katan-katan na sababbin littattafai, ko ledarsu ba a cire ba, gara ta cinye rabi, wai ana tsoron kada masu duba makarantu su zo su tarar sun yi datti. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Wayarka ma tana da amfani. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, duka suna da labaran yara da Hausa, masu hotuna, an jera su daga na masu fara haɗa baƙi zuwa na waɗanda suka iya, kuma kyauta ne, an yarda a sauke a buga. Ka fara karantawa kafin ka kai aji, don wasu fassarar tasu tana ɗingishi, wasu kuma an zubar da ƙugiyoyin baƙaƙe. Ka gyara, ka kwafe da manyan baƙaƙe a bayan tsohuwar kalanda, ka rataye a bango.

Wanda na fi so duka shi ne littafin da yaran za su yi da kansu. Kowa ya je wurin kakarsa ya karɓo tatsuniya ɗaya, ko kacici-kacici biyar, ko waƙar gaɗa. Wanda ba shi da kaka ya rubuta yadda ake kaɗe riɗi, ko abin da ya gani ranar da ya bi babansa kasuwar Maigatari. Ka gyara musu rubutun, su sake kwafewa da kyau, a ɗinke da zare da allura, sunan kowa a ƙarƙashin nasa. Ba littafin da zai riga wannan tsufa a akwatinka, don kowa yana son ya ga abin da abokinsa ya rubuta.

Ka kuma sani cikin tamanin ɗin nan akwai waɗanda har yanzu ba su gama da baƙaƙe ba, ko da yake suna aji huɗu. Ka ware su ba tare da gori ba, ka koma da su Ka Koyi Karatu, ka haɗa kowane biyar da ɗaya daga cikin waɗanda suka iya.

TAMBAYA: Malama, ni dattijo ne, jikokina suna hannuna. Na ga kina yabon tatsuniya da su Ruwan Bagaja. A ganina ƙarya ake koya wa yara, Gizo maƙaryaci, Malam Zurƙe mayaudari. Ba gara su karanta abin da zai amfane su duniya da lahira ba?
Wani dattijo daga Katsina

AMSA: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Hukunci na malamai ne, ni malamar firamare ce, abin da na gani a aji shi zan faɗa.

Tatsuniya ba ta taɓa ɓoye kanta ba. Mai yinta da bakinta take rufewa da "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ɗan shekara biyar ya san kura ba ta magana. Abin da yake tafiya da shi shi ne yadda kwaɗayi ke kai kura ga wahala, da yadda 'yar bora mai ladabi ta samu, 'yar mowa mai tsiwa ta dawo da kayan takaici. Gaskiya ne wani lokaci Gizo yakan yi ta'asa ya sha. To a nan ne ake son babba irinka a kusa, ya ce, "Da kai aka yi wa haka, yaya za ka ji?"

Game da Ruwan Bagaja, rabin maganarka na karɓa. Abubakar Imam yana saurayi, yana koyarwa a Midil ta nan Katsina, ya rubuta shi, kuma ƙuruciyar ta fito a ciki: Alhaji, jarumin littafin, da Malam Zurƙe kowa yana haƙa wa ɗan uwansa rami, gari bayan gari, mai karatu yana dariya. Ba zan ba ɗan aji uku ba. Ɗan aji shida zan ba, in kuma tuna masa abin da ya fitar da Alhaji daga Kwantagora tun farko, wato ya wanke wanda ya riƙe shi daga kunyar da aka ba shi a fada.

Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba, ranka ya daɗe. Ka nema musu tarihin Annabawa da na Sahabbai cikin Hausa mai sauƙi, amma ka fara nuna wa malaminsu na Islamiyya, don akwai waɗanda aka buga da gaggawa ba a tace ba. Ka haɗa da tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 'yan matan kuma su san Nana Asma'u, wadda ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta kuma riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata. In ka dace da Ikon Allah, wanda Imam da East suka rubuta a kan halittu da yadda duniya take, ka riƙe shi da kyau. In sun karanta labarin Bayajida, Daura ba nisa, ka kai su su leƙa rijiyar Kusugu.

Inda zan roƙe ka ka sa ido shi ne wani wuri dabam. Dare Dubu da Ɗaya sunansa yana ruɗin iyaye, su ɗauka tatsuniyar yara ce, alhali akwai abin da bai kamaci yaro ba a ciki. Haka littattafan soyayya na yayyensu, musamman waɗanda ake turawa ta waya, da ba wanda ya tace su. Waɗannan sun fi Gizo ba ni tsoro nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Malama, ɗiyata tana lakwal, da Faransanci ake karantar da su. In na sayo mata littattafan Hausa na Najeriya, ba za su rikita ta ba?
Wata uwa daga Maraɗi

AMSA: Ba za su rikita ta ba, 'yar uwa. Bambancin rubutunmu da naku kaɗan ne, babbansa shi ne inda muke rubuta 'y ku kuna rubuta ƴ. Abin da za ki zauna ki nuna mata shi ne baƙaƙen da Faransanci ke furtawa dabam, musamman c da u da e, ki ce mata kowane harshe da yadda yake kiransu. Yara suna kama wannan da wuri. Haɗa Hausa da Faransanci a aji ba baƙon abu ba ne a ƙasarku, tun 1973 aka fara gwada shi a Damagaram. Ki kuma nemi littattafan da ake bugawa a Yamai, irin na kamfanin Gashingo, don ta ga Hausar gidansu a rubuce. Sauran kuwa, duk ɗan kasuwar da ke zuwa Katsina ko Kano zai iya riƙo miki.

TAMBAYA: Gwaggo Malama, ina aji shida. Na gama Magana Jari Ce duka uku da Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ruwan Bagaja. Mamata ta ce in tambaye ki wanne zan karanta yanzu.
Wata ɗaliba daga Kano

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ki gaishe mini da Mama. Yanzu ki nemi Shaihu Umar. Gajere ne, amma ki shirya, akwai ban tausayi: yaro ne aka sace aka yi bauta da shi, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara. In wani wuri ya dame ki, ki tambayi Mama, kada ki bar shi a ciki. Bayansa sai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda yayan Abubakar Imam ne. Hausarsa ta fi nauyi, cike take da kirari da yaƙi, saboda haka ki karanta shi a bayyane, ki ajiye ɗan littafi kina rubuta kalmomin da ba ki sani ba, ki kai wa tsofaffin gidanku. Jiki Magayi ki bar shi sai kin shiga sakandare. In an yi hutu, ki roƙi Baba ya kai ki laburaren Murtala Muhammad, ki tambayi inda littattafan yara suke.

Ni ma ina da aikin da zan ba ki. Ki rubuta labari ɗaya naki na kanki, shafi biyu ya isa, ki aiko ta adireshin mujallar nan. Da biro za ki rubuta, ba fensir ba, kuma ki ɗan ƙara girman baƙaƙen, idon Gwaggo ba kamar da ba.